Takardar Ɗaukar Aiki Ta Zo: A Sa Hannu Ko A Tsaya A Duba?

Wata Asabar bayan la'asar ɗan yayata ya yi sallama a zaurena, riƙe da ambulan ruwan ƙasa. Shekara biyu da 'yan watanni ke nan da gama hidimar ƙasarsa, kuma babu ƙofar da bai ƙwanƙwasa ba. Sai ga wani kamfanin rarraba kaya a Abuja ya kira shi, aka yi masa tambayoyi, aka ba shi takarda shafi uku, aka ce ya sa hannu ya mayar kafin Laraba. Albashi naira 120,000 a wata. Ya durƙusa ya miƙo mini, ya ce, "Kawu, Baba ya ce in sa hannu yau ɗin nan. Ni kuwa akwai wani wuri a shafi na biyu da bai kwanta mini a rai ba."

Na sa tabarau na duba. Sharuɗɗa uku ne a jere. Zai ajiye ainihin takardar digirinsa a hannun kamfani har ranar da zai bar aiki. Zai kawo mutum biyu su tsaya masa, ɗaya ya zama babban ma'aikacin gwamnati. In ya tafi kafin shekara biyu zai biya albashin wata uku. Sannan sunan da ke saman takardar ma ba na kamfanin da ya yi masa tambayoyi ba ne, na wani ne da ke ɗibar ma'aikata yana ba su haya.

Bayan isha na tafi gidansu. Mahaifinsa, tsohon malamin firamare da ke jiran fansho, yana kan tabarma da rediyo a gefe. Ban gama zama ba ya ce, "Malam, kai ma ka shiga sahun masu hure wa yaro kunne? Shekara biyu muna roƙon Allah, ya amsa, yanzu kuma sai mu tsaya muna duba haƙoran kyauta?" Na ce, "Yaya, ai ba kyauta ba ce, guminsa zai sayar." Muka kai sha ɗaya na dare ba wanda ya ja da baya.

Wannan gardama ba ta gidanmu kaɗai ba ce. Duk gidan da ke da mai takarda a zaune ya san ta, kuma na lura mutane sun rabu kusan rabi da rabi, kowane ɓangare da hujjar da ba ta wasa ba.

Masu cewa a karɓa tukuna, a yi bincike daga baya, da yawan mutane suke fara kafa hujja. Suna tuna maka ranar 15 ga Maris, 2014, da hukumar shige da fice ta kira jarrabawar ɗaukar aiki. Guraben ba su kai dubu biyar ba, waɗanda suka nema sun haura rabin miliyan, kowa ya biya naira 1,000. Aka yi turmutsitsi a Abuja da Fatakwal da Minna da Benin, aƙalla mutum 16 suka rasu. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 kashi 33.3 cikin ɗari na masu iya aiki da ke son yi ba su da shi. A irin wannan kasuwa, in ji su, mai neman aiki ba shi da bakin ciniki. Kafin ka gama karanta shafi na biyu, akwai mutum hamsin a bayanka da za su sa hannu ko da takardar a kife take.

Hujjarsu ta biyu ta fi ta farko cizo, wato shekaru. Bankuna da manyan kamfanoni sukan rubuta a tallarsu cewa ba sa son wanda ya haura 26 ko 27. Yaron da yajin aikin malaman jami'a ya cinye wa lokaci, kamar na wata takwas da aka yi a 2022, ya fito yana 25, ya yi hidimar ƙasa, to in ya ƙara zaman shekara biyu yana zaɓe ya fita daga layi ba tare da ya sani ba. Ga kuma tambayar nan da ke kashe wa kowa jiki a wurin ganawa: "A ina ka taɓa aiki?" Wanda ya ce ya yi shekara biyu yana lissafin katan a sito ya fi wanda ya ce yana gida. Da aiki ake neman aiki, in ji su. A wurin aikin ne za ka haɗu da wanda zai ce maka an buɗe gurbi a wani wuri, ba a bencin mai shayi ba.

Akwai kuma abin da iyaye ba sa faɗa a fili sai an matsa. Mahaifin yaron nan ya faɗa mini a daren, murya ƙasa-ƙasa. Ba kuɗin ne ya fi damunsa ba, zaman ne. Saurayi ya tashi da hantsi, ya karɓi na kati a hannun uwarsa, ya tafi majalisa har magariba. Ya ga yadda zaman kashe wando ya mayar da 'ya'yan mutanen kirki, daga kallon ƙwallo zuwa cacar waya, daga nan zuwa kayan maye. Ya ce ko ɗan nan zai dawo da aljihu wayam kowane ƙarshen wata, ya fi son ya san cewa ƙarfe bakwai na safe yana da wurin zuwa. Da babu gara ba daɗi.

Masu cewa a tsaya a duba kuwa alƙalami suke ɗauka. Suna cewa adadin da ke kan takarda daban, abin da ke shiga aljihu daban. In kamfani na bin doka, za a cire kashi 8 cikin ɗari na fansho, a cire haraji. Sannan a zo kan zama. Mai albashin 120,000 ba zai kama ɗaki a Wuse ko Garki ba, sai Nyanya ko Mararraba, ya fito tun duku-duku ya shiga cunkoson hanyar Keffi, ya dawo bayan isha. Kafin 29 ga Mayu, 2023, litar man fetur a farashin hukuma ba ta kai naira 200 ba. Bayan cire tallafi, zuwa Oktoban 2024 ta haura 1,000 a Abuja, kuɗin mota ya bi ta. A Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Ka cire mota, ka cire abincin rana, ka cire haya da masu gida ke karɓa ta shekara guda a dunƙule, ka ga abin da ya rage. Sau da yawa iyayen da suka tura yaro ya je ya taimake su, su ne ke aika masa da garin tuwo a motar dare. Garin neman ƙiba an samo rama.

Suna kuma nuna maka wani abin ban takaici. Tun Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi a Najeriya ya koma naira 70,000, amma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma ko inda ta hau ba kowa ke bi ba. Ɗan hidimar ƙasa yanzu yana karɓar 77,000. Je ka ƙananan makarantun kuɗi na cikin unguwanni ka tambayi malamai abin da ake ba su, za ka samu da yawa ba su kai rabin alawus ɗin da suka bari ba, ga aji uku ko huɗu a wuyansu, kuma lokacin hutu babu ko sisi. Irin wannan aiki, in ji su, ba tsani ba ne. Yana cinye ranarka gaba ɗaya, ba ka da sararin zuwa wata ganawa, ba ka da sararin koyon wata sana'a, ba ka tara komai ba. Shekara biyar sai ka waiwaya ka ga kana inda ka fara, sai dai furfura. Yaron da ya ƙi irin wannan ya je ya koyi haɗa wutar sola ko gyaran waya a Farm Centre, a cewarsu, zai iya wuce shi cikin shekara biyu.

A nan sai ɓangaren farko su murmusa. Su ce wannan lissafin 'yan boko ne, kuma da da shi ake arziki da babu attajiri ko ɗaya a Kantin Kwari. Wane ne cikin manyan 'yan kasuwar Kwari ko Singa ya fara da takarda shafi uku? Yaro ne uba ke kama hannunsa ya kai wa wani Alhaji, ba a yanka albashi ba, ba a ƙayyade shekaru ba. Ya share rumfa, ya ɗauki dila, ya koyi bakin ciniki, ya san masu kawo kaya, wata rana ubangida ya sallame shi da jari. Da ya tsaya tambayar nawa za a ba shi a wata, da ko rumfar bai shiga ba. Abin da yaro ke samu a aikin farko ba a rubuta shi a takarda: iya hulɗa da jama'a, haƙuri da na gaba, sanin yadda kuɗi ke tafiya.

Suna ƙarawa da maganar mutunci, kuma wannan ba ƙaramar magana ba ce a wurinmu. Yawancin aikin da ake samu wani ne ya yi hanya. Abokin uba ne ya ɗaga waya, ko surukin maƙwabci ya sa baki. In yaro ya je ya fara tambayar ina inshorar lafiya, ina kuɗin ƙarin lokaci, labari zai koma wa wanda ya yi hanyar cewa ɗan da ka aiko mana ido ne da shi. An zubar wa babba da girma, gobe ba zai sake yi wa kowa a gidan ba. Game da doka kuwa, sai su ce a bar ta a littafi. Kotun ma'aikata tana nan, har a Kano akwai reshenta, amma wane mai albashin dubu ɗari ne zai ɗauki lauya ya yi shekaru yana sintiri a kan kuɗin wata uku?

Amsar ɗaya ɓangaren a kan Kwari ita ce ta fi burge ni a duk muhawarar. Suka ce yaron Kwari ba shi da takarda, gaskiya ne, amma yana da abin da ya fi takarda ƙarfi. Ubangidansa ya san ubansa, masallacinsu ɗaya, in ya cuce shi sai an ji a unguwa, a ɗaurin aure a nuna shi da baki. Kunya ce ke riƙe da yarjejeniyar. Kuma ko da hakan, kowa ya san wanda ya yi shekara goma sha a rumfa, da lokacin sallama ya ƙarato aka ɗora masa satar da bai yi ba. To ina ga kamfanin da bai san garinku ba, wanda ma ba shi ya ɗauke ka kai tsaye ba, hayarka aka ba shi? Ranar da aka daina biya, wanda kake wa aiki ya ce ba ma'aikacinsa ba ne kai, wanda ya ɗauke ka ya ce ba a turo masa kuɗi ba. Inda babu kunyar da za ta riƙe mutum, takarda ce kaɗai ta rage, don haka dole a karanta ta.

Kuma ba su yarda cewa tambaya rashin ladabi ko rashin tawakkali ba ce. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanci babin ijara ya san ana son lada ya zama sananne, aiki ya zama sananne, tun kafin a fara. Ƙissar Annabi Musa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a Madyana, an ƙayyade masa shekaru takwas, in ya ga dama ya cika goma, kuma aka rufe magana a kan haka kafin ya kama kiwo. Dokar ƙasa ma ba ta bar abin a buɗe ba. Dokar ƙwadago ta wajabta wa mai ɗaukar leburori da ƙananan ma'aikata ya ba su sharuɗɗan aiki a rubuce cikin wata uku da farawa. Dokar fansho ta 2014 ta ce kamfani ya zuba kashi 10, ma'aikaci 8, a asusun da ke ɗauke da sunan ma'aikacin. Wanda ya tambayi waɗannan bai roƙi alfarma ba.

Daga nan sai su ɗauko abin da ke sa zaure ya yi tsit. Wani tayin aikin tarko ne tsagwaronsa. A Afrilun 2021 wata budurwa da ta gama jami'a a Uyo ta sanar a intanet cewa tana neman aiki, wani ya kira ta ganawa, ta tafi ba ta dawo ba. Kotu ta yanke wa wanda ya kashe ta hukuncin kisa a 2022. A nan arewa kuma mun san labarin mata da ejan ke yi wa biza zuwa Saudiyya aikatau, a ce musu aikin gida ne mai sauƙi da riyal mai kauri. Suna sauka a karɓe fasfo, kuma a tsarin kafala ba ka barin wanda ya ɗauko ka sai da yardarsa. Sassaucin da Saudiyya ta yi wa tsarin a 2021 bai haɗa da masu aikin gida ba. Ga masu sayar da gurbin aikin gwamnati, har sai da majalisar wakilai ta kafa kwamitin bincike a kansu a 2023. Mutum ya sayar da fili ko saniya ya biya, a ba shi takarda mai tambari, ya je kama aiki a ce ba a san da shi ba. Duk waɗannan, in ji su, mutane ne da aka ce wa su yi sauri kada wani ya riga su.

To, in an baje hujjojin nan a faifai, me ya rage bayan an sheƙe?

Maganar shekaru da ƙwarewa gaskiya ce, ban ga yadda za a kauce mata ba. Haka ma maganar zama. Kuma akwai wani rauni a ɓangaren masu bincike da ba sa son a taɓa: yawancin masu ba da shawarar a jira, tukunyar gidansu na kan wuta. Mai uban da ke ciyar da shi zai iya ƙin aikin dubu tamanin, marayan da ke da ƙanne huɗu ba zai iya ba. Na kuma ga samarin da suka mayar da "ina nazari" mafakar girman kai, suna jiran babban banki ko kamfanin mai, har ƙannensu suka yi aure suka bar su a ɗakin soro. Wanda zai kafa hujja da alƙaluman gwamnati na baya-bayan nan cewa aiki ya yawaita, shi ma ya yi hattara. Adadin marasa aiki ya faɗo zuwa kashi 4.1 a farkon 2023 ne saboda an sauya ma'auni, aka koma ƙirga duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako a matsayin mai aiki.

Raunin ɓangaren iyaye kuwa shi ne sun zuba duk wata cutarwa a kwando ɗaya, suna kiranta haƙuri. Alhali ƙarancin albashi da riƙe takardar digiri ba jirgi ɗaya ya ɗauko su ba. Aikin da albashinsa bai taka kara ya karya ba, ko mai gidan yana da faɗa, ko wurin da nisa, in ya ishe ka ka ba da sanarwa ka kama gabanka, ka yi asarar 'yan watanni. Amma aikin da ya karɓi ainihin takardarka, ko fasfonka, ko ya sa kawunka ya sa hannu cewa zai biya duk abin da ya ɓata a sito, ko ya ce ka fara biya kafin a ɗauke ka, wannan ƙofar shigarsa a buɗe take, ta fita kuwa makullin na hannun wani. Hujjar "da aiki ake neman aiki" ma a nan take rushewa, don da wace takardar za ka nemi na gaban? A kan wannan rukuni ban ga abin da ya rage na gardama ba.

Sannan ɓangarorin biyu suna magana kamar bincike wata shida yake ci. Kwana biyu ya isa a duba sunan kamfani a shafin hukumar rajistar kamfanoni, CAC, a waya. Ya isa mutum ya je wurin da ƙafarsa, ya sayi shinkafa da wake wurin mai abincin bakin ƙofa, ya ja ta da hira. Ita ta san ko ana biyan albashi a kan kari, don ita ke bin ma'aikata bashi. Mai gadi ya san mutum nawa suka riƙe kujerar nan a shekara guda. Ba wanda zai kai wa mai hanya ƙarar cewa ka ci abinci a bakin ƙofa. Wanda kuma ya ce maka ko kwana ɗaya ba zai ba ka ka nuna wa na gaba da kai takarda ba, ya riga ya gaya maka irin zaman da za ku yi.

Inda na tsaya cak shi ne tsakiyar. Aiki na halal, kamfani na gaske, ba a riƙe maka komai ba, amma lissafi ya nuna da ƙyar za ka ci ka yi mota, a garin da ba ka da kowa. A karɓa don ƙwarewa da fita daga zama, ko a zauna gida a koyi sana'a? Na san wanda ya karɓi irinsa, shekara uku ya zama shugaban sashe. Na san wanda ya karɓa ya dawo da bashi da gyambon ciki. Abin ya danganta da ko akwai abin koyo a aikin, da yawan bakin da ke jiran mutum a gida, da kuma ko sana'ar da ake cewa zai koya da gaske zai koye ta ko a baki ne. Wannan mai karatu ya fi ni sanin gidansu.

Ɗan yayata dai ya yi istihara, ya hau motar Abuja ranar Litinin. Na ce masa ya roƙi abu ɗaya cikin ladabi, ya nuna musu ainihin takardar su gani, su riƙe kwafi. Suka yi jim, suka shiga ciki suka fito, suka yarda. Sharaɗin albashin wata uku kuwa suka ce ba a taɓa shi. Ni na tsaya masa, bayan na sa an rubuta iyakar abin da zan ɗauka in wani abu ya faru. Ya sa hannu ranar Talata, yana kwana a ɗakin wani ɗan garinmu a Mararraba, takardar digirinsa tana cikin akwatin mahaifiyarsa. Mahaifinsa na cewa ai ga shi maganarsa ce ta tabbata, ni ina cewa tawa ce. Albashin wata na farko da na biyu sun shigo a kan kari, na uku ya makara da kwana goma sha ɗaya.